Akwatin da ke ƙarƙashin ƙafar mai jita: Yadda rubutu da zane ke ɗaga darajar aikin hannu

A duk inda makaɗan zamani suka kafa kayansu a Abuja, ko a liyafar aure a Maitama, ko a walimar sallamar babban sakataren da ya yi ritaya, ko a majami'un Nyanya da Kubwa ranar Lahadi, idon jama'a kan tsaya ne a kan mawaƙi da yatsun mai jita. Ba kasafai ake duban ƙasa ba. A gaban ƙafar mai jitar kuwa akan sami waɗansu 'yan akwatunan ƙarfe a jere, kowanne bai wuce tafin hannu ba, an sarƙe su da waya. Idan ya taka ɗaya sai amon jitar ya yi kaushi kamar na goge, idan ya taka wani sai amon ya riƙa amsa-kuwwa kamar kira a tsakanin duwatsu. Makaɗa na kiran wannan akwati feda, sunan da ya yi tarayya da abin takawa na keke.

Galibin fedojin da ke kasuwannin Najeriya daga waje ake shigo da su, kuma da dala ake lissafin kuɗinsu. Tun da aka saki Naira ta nemi farashinta a kasuwa a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga kusan Naira 460 zuwa sama da Naira 1,500 a cikin 2024, kayan kiɗa kuma suka bi sahu. Wannan ya sa haɗa feda a gida ya zama abin da ya cancanci a yi masa kallon sana'a. Cikinta ba gagarumin aiki ba ne ga wanda ya saba da gyaran rediyo ko amfilifaya. Zanen wayoyin shahararrun fedoji yana nan a intanet kyauta, kayan haɗin kuma irin waɗanda masu gyaran lantarki ke tarawa ne a aljihun tebur.

Inda gizo ke saƙar shi ne wajen akwatin. Mai haɗi zai kwana uku yana liƙa wayoyi har sauti ya fito tangaran, sannan ya zuba aikin a cikin akwati tsirara, babu suna, babu bayanin abin da kowane maɓalli ke yi, babu gargaɗin irin wutar da yake sha. Wani kuma sai ya liƙa masa tambarin kamfanin Japan ko Amurka don ya shiga kasuwa. Dukkansu biyun suna zubar da kuɗin da ya kamata ya shiga aljihunsu, kuma tarihin wannan ƙaramar na'ura ya nuna dalili.

Yadda fuskar akwati ta zama kuɗi

Kuskure ne ya haifi fedar farko da ta yi suna. A wani ɗakin ɗaukar sauti a birnin Nashville na Amurka, wani layi na teburin sarrafa sauti ya lalace ana tsakiyar ɗaukar waƙar mawaƙi Marty Robbins da ta fito a 1961, sai kiɗan Grady Martin ya fito da wani irin kaushi. Aka bar shi a haka, waƙar ta karɓu, makaɗa suka fara neman wannan amo. Injiniyan ɗakin, Glenn Snoddy, ya haɗa 'yar na'urar da ke kwaikwayon lalacewar, kamfanin Gibson kuma ya fitar da ita kasuwa a 1962 da sunan Maestro Fuzz-Tone. Ba ta yi kasuwa sosai ba sai a 1965, bayan ƙungiyar Rolling Stones ta yi amfani da ita a waƙar da ta zagaya duniya.

Daga nan kamfanoni suka fahimci cewa abin da ke ciki kusan iri ɗaya ne, kuma kowa na iya kwaikwayonsa. Fuzz Face da kamfanin Arbiter ya fitar a Landan a 1966 taransista 2 ne kawai a cikinta, da waɗansu ƙananan kaya da ba su kai 10 ba. Abin da ya sa ake gane ta daga nesa shi ne siffarta: zagayayyen akwati, maɓallai biyu kamar idanu, abin takawa kamar hanci, sunan kamfani a lanƙwashe kamar murmushi. A 1977 kamfanin Boss na Japan ya fara fitar da ƙananan fedojinsa, kowane aiki da launinsa, ta yadda makaɗi zai gane wadda zai taka ko da fitilun dandamali sun dushe. Har yau idan aka ce koriyar feda a tsakanin masu jita, hankali kan tafi ga Tube Screamer ta kamfanin Ibanez, wadda ta fito a 1979.

Darasin da ya fi shafar ƙaramin mai sana'a ya fito ne daga mutum biyu da suka fara aiki da hannunsu a Amurka. Bill Finnegan na yankin Boston ya fara sayar da Klon Centaur a 1994, yana haɗa kowace ɗaya da kansa, har ya yi kimanin 8,000. Ya riƙa zuba baƙin danƙo a kan kayan cikin don kada a kwafa, amma duk da haka aka tono sirrin, kuma a yau kwafinta ya cika kasuwa da araha. Ta asalin kuwa dubban daloli ake sayenta a hannu, kuma wadda ke ɗauke da zanen rabi mutum rabi doki a fuskarta ta fi wadda ba ta da shi tsada. Zachary Vex na Minneapolis, wanda ya fitar da Fuzz Factory a 1995, ya riƙa ba mai zane Jason Myrold kowane akwati ya yi masa fenti da hannu. Daga baya kamfaninsa ya fito da wani rukuni mai suna Vexter, mai fitar da sauti iri ɗaya amma da bugun inji a fuskarsa, a farashi mai rahusa. Tazarar da ke tsakanin farashin biyun ita ce kuɗin hannun mai zane da sunan wurin da aka haɗa.

Ƙera kayan kiɗa ba baƙon abu ba ne a nan

Makaɗan wannan yanki sun daɗe suna yi wa kansu kayan aiki. Kuntigin da marigayi Ɗan Maraya Jos ya zagaya duniya da shi, irin wanda ake yi ne da gwangwanin kifi a rufe shi da fata a ɗaura masa tsirkiya ɗaya. Marigayi Victor Uwaifo na Benin, wanda ya rasu a 2021, ya karanci zane a Kwalejin Fasaha ta Yaba, kuma ya shahara da jita mai wuya biyu da ya tsara wa kansa. A Inugu, bayan yaƙin basasa ya ƙare a 1970, lokacin da samun kayan kiɗa daga waje ke da wuya, Goddy Oku na ƙungiyar Hygrades ya yi suna wajen haɗa kayan sautinsa da hannunsa. Faya-fayan matasan wancan zamani, irin su Ofege da Funkees da BLO, cike suke da amon jita mai kaushi, kuma kamfanonin Turai da Amurka sun sake buga su bayan shekaru fiye da 30.

A maƙwabciya Nijar, Mdou Moctar ya fara koyon kiɗa ne da jitar da ya harhaɗa da katako da wayar birkin keke. A Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko, Anar, a 2008. Waƙoƙin suka bazu daga waya zuwa waya a faɗin Sahel ba tare da cikakken bayanin mai su ba, har sai da Ba'amurke Christopher Kirkley na kamfanin Sahel Sounds ya bi sawu ya gano shi, bayan ya tattara irin waɗannan waƙoƙi na wayar salula a kundin da ya fitar a 2011. A yau Mdou Moctar na cikin masu jitar da ake ji da su a duniya. Shekarun da waƙarsa ta yi tana yawo ba tare da ta kawo masa komai ba su ne irin asarar da aiki marar suna ke jawo wa mai shi, ko waƙa ce ko akwati.

Rubutun da ke hana asara

Kafin a zo batun ado, akwai rubutun da rashinsa ke ƙona kaya. Yawancin fedoji na aiki da wuta bolt 9, kuma tsarin da kamfanin Boss ya yaɗa, wanda kusan kowa ya bi, shi ne ƙafar wuta mai alamar ɗebewa ta kasance a tsakiyar bakin caja, mai alamar tarawa kuma a waje. Cajar dikoda da ta na'urar intanet da ke kusan kowane gida da ofis a Abuja akasin haka take: galibi bolt 12 ce, kuma mai alamar tarawa ce a tsakiya. Bakin nasu kuma yakan shiga ramin feda daidai wa daida. Yaron makaɗa da ya rasa cajar feda ana dab da fara biki zai ɗauki wadda ya gani ya soka, kuma cikin daƙiƙa guda aikin mako ɗaya na iya zama hayaƙi. Layi ɗaya a kusa da ramin, mai nuna yawan bolt da zanen inda kowace alama take, ya isa ya hana wannan.

Na biyu shi ne ramukan waya. Al'adar masu ƙera feda ita ce wayar da ta taso daga jita ta shiga ta hannun dama, wadda za ta tafi amfilifaya ta fita ta hagu. Wanda ya saba ya san haka, amma sabon shiga bai sani ba, don haka ake rubuta shiga da fita ko a zana kibiya. Na uku shi ne sunan kowane maɓallin murɗawa. Mai jita a tsaye yake kallon akwatin, daga nisan da ya haura mita ɗaya, sau da yawa cikin duhu-duhu. Siririn rubutu mai lanƙwasa da ya yi kyau a fuskar kwamfuta ba ya karantuwa daga can. Haruffa masu kauri, fari a kan baƙi ko baƙi a kan launi mai haske, su ne ke aiki.

Babu dokar da ta ce da Turanci za a yi wannan rubutu. Ƙarfi, kaushi, zaƙi, jinkiri, shiga, fita, duk kalmomi ne gajeru da ke zama daram a ƙarƙashin maɓalli, kuma suna ba akwatin wata kama da ba za a same ta a kayan Sin ba. Abin lura kawai shi ne salon haruffan kwamfuta da yawa ba su da ƙ da ɗ da ɓ. Idan ba a duba ba kafin a buga, sai a wayi gari da ɗan murabba'i a inda harafi ya kamata ya zauna, ko kuma a rubuta kari a inda ake nufin ƙari.

Daga samfefa zuwa fenti

Akwatin da masu haɗa feda suka fi amfani da shi na zubin alminiyum ne. Wanda ya zama ma'auni shi ne samfurin 1590B na kamfanin Hammond da ke Kanada, mai tsawon kimanin milimita 112 da faɗin 60, sai babban wansa 1590BB ga mai maɓallai da yawa. Ana zaɓen ƙarfe ne saboda dalili biyu. Yana jure taku, kuma yana zama garkuwa da ke tare ƙugin da wayoyin lantarki da fitilu da janareta ke jefawa cikin sauti.

Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma Larabar wannan aiki ita ce huda. Ana zana fuskar akwatin a takarda daidai girmansa, a sa da'irar kowane maɓalli da cikakken faɗinsa don kada ya zo ya rufe rubutu, a manna takardar a kan ƙarfen, a dasa ƙusa a tsakiyar kowane rami a buga mata guduma sau ɗaya don kada bakin injin huda ya zame. Abin takawa na son rami mai milimita 12, maɓallan murɗawa 7, ramukan waya kimanin 10. Wanda ya yi fenti kafin huda zai ga ɓarɓashin ƙarfe ya karce masa aiki.

Bayan huda sai goga. Alminiyum na da wata siririyar fata da iska ke yi masa, wadda fenti ba ya kamawa da kyau, ga kuma maiƙon da ya taho da shi daga masana'anta. Ana bi da samfefa mai lamba 220, a biyo da mai lamba 400, a wanke, a goge da sinadarin cire maiƙo, daga nan kuma kada yatsa ya sake taɓa fuskar. Sai a fesa fentin shimfiɗa irin wanda aka yi don ya ciji alminiyum. Masu fentin mota na Apo sun san shi, kuma sun san ƙa'idar da sabon shiga ke karyawa: shafi uku marasa kauri, da hutu a tsakaninsu, sun fi shafi ɗaya mai kauri da zai zubo da hawaye a gefe.

Yanayin Abuja na da nasa hukunci. Daga Afrilu zuwa Oktoba damshin iska kan sa fenti mai sheƙi ya yi hazo-hazo kamar an hura masa numfashi, don haka ake jiran ranar da gari ya washe. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu ce abokiyar gaba. Maganinta shi ne a yayyafa ruwa a ƙasa kafin a fara, a kuma kife kwali mai tsabta a kan akwatin da zarar an gama fesawa. Fenti kan bushe a taɓa shi cikin mintuna, amma yakan ɗauki kwanaki kafin ya yi tauri. Wanda ya ɗaure maɓallai a washegari zai tarar da shatar goro da ta yatsunsa sun zauna har abada.

Akwai wani mataki da ba a gani amma ana jin rashinsa. Fentin da ya shiga cikin akwatin, musamman a kewayen ramukan waya da bakin murfi, yana raba ƙarfe da ƙarfe, garkuwar nan kuma sai ta daina aiki. A kankare shi har sai ƙarfen ya fito fili. Sau da yawa ƙugin da ake ɗora wa laifin wutar gari daga nan yake tasowa.

Hanyoyin ɗora rubutu da zane

Hanya mafi araha ita ce hannu. Alƙalamin fenti ko siririn buroshi a hannun mai rubutun allon shago na iya fitar da abin da inji ba zai fitar ba. Sai dai tawadar maka ta ofis kan narke ta bazu idan aka fesa mata fentin kariya, haka kuma waɗansu nau'o'in fenti ba sa jituwa, na sama ya sa na ƙasa ya yamutse. Shi ya sa ake fara gwadawa a murfin ƙasa, inda ido ba ya kaiwa. Kusa da wannan akwai haruffan ƙarfe da ake bugawa da guduma, irin waɗanda maƙera ke sa lamba da su. Ba su da ƙawa sosai, amma rubutunsu ba ya gogewa. Ana sa katako a ciki a tokare fuskar akwatin kafin a buga don kada ta lotsa.

Hanya ta biyu ita ce sitika. Masu buga takardu na Area 10 a Garki, waɗanda suka saba da kalanda da katin biki da fastocin siyasa, za su iya buga fuskar feda goma a takardar roba guda. Rauninta shi ne gefenta kan ɗago idan takalmi da zafi suka dame ta, sai an rufe ta da fentin kariya ko danƙo mai garai-garai. Akwai kuma wata takarda ta musamman mai siririyar fata a samanta, wadda ake bugawa a firinta, a jiƙa a ruwa, fatar ta zame a shimfiɗa ta a kan fenti. Idan aka rufe ta da kyau sai ta yi kamar a jikin ƙarfen aka buga. Abu biyu ake kiyayewa da ita. Firintar gida ba ta da farar tawada, don haka zanen ba ya fitowa a kan baƙin fenti. Idan kuma firintar mai tawadar ruwa ce, dole a fesa wa bugun kariya kafin ya shiga ruwa.

Hanya ta uku ita ce a sa sinadari ya ci ƙarfen. Ana buga zanen a juye, kamar yadda zai bayyana a madubi, da firinta mai garin tawada a kan takarda mai santsi. A kife ta a kan gogaggen ƙarfe, a danna da dutsen guga mai zafi har tawadar ta koma jikin ƙarfen, a jiƙa takardar a murje ta. Duk inda tawada ta rufe zai tsira, inda ke buɗe kuma sinadarin zai ci ya yi zurfi. Waɗansu na amfani da ruwan da masu haɗa allon lantarki ke cin tagulla da shi, waɗansu kuma da sodar da ake yin sabulu. Dukkansu suna haɗuwa da alminiyum da zafi da tururi, sodar kuma na fitar da iskar da ke kama wuta. Aiki ne na fili, nesa da murhu da yara, da safar hannu da tabarau, kuma soda ake zubawa a cikin ruwa a hankali, ba a zuba ruwa a kan soda. Sakamakonsa zane ne da zai rayu muddin akwatin na raye.

Ga mai son yin da yawa, akwai bugun raga irin wanda ake yi wa riguna da hulunan yaƙin neman zaɓe, wanda kuɗinsa ke sauka idan adadi ya ƙaru. Akwai fentin gari da ake gasawa a tanda mai zafin kusan digiri 200, wanda ya fi na gwangwani jure karce nesa ba kusa ba. Akwai kuma injin da ke buga launi kai tsaye a kan ƙarfe yana busar da shi da haske nan take, irin wanda ake buga kyaututtukan taro da shi. Kamfanin Tayda na ƙasar Tailan ya mai da wannan kasuwa: mutum ya aika zane ta intanet, a huda masa akwati, a fente, a buga, a aiko masa. Duk matakan nan akwai masu yin irinsu a Abuja, sai dai a warwatse suke, mai fenti a Apo, mai bugu a Garki, mai gyaran lantarki a Wuse.

Hatimin Ladi Kwali

Tambayar abin da za a zana tana da amsa a bayan takardar Naira 20. Matar da ke zaune tana ginin tukunya a jikinta ita ce Ladi Kwali, 'yar garin Kwali da ke cikin Babban Birnin Tarayya a yau. A 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Baturen Ingila Michael Cardew ya kafa a tsohuwar Abuja, garin da ake kira Suleja yanzu, kuma ita ce mace ta farko da ta yi hakan. Ta koyi sabuwar hanyar gashi da sheƙi, amma zanen da ta taso da shi na Gbagyi ta ci gaba da yi: ƙadangare, kunama, kada, kifi, tsuntsu. A gindin kayan da ta yi a cibiyar akan sami ƙananan hatimai biyu, ɗaya mai haruffan sunanta, LK, ɗaya mai sunan Abuja da haruffan Larabci. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984, kuma har gobe da waɗannan hatimai masu gwanjon kayan tarihi a Landan ke tabbatar da aikinta su sa masa farashi. Mata da yawa a ƙasar Gbagyi sun gina tukwane masu kyau a zamaninta, amma waɗanda ba su da hatimi sun shige cikin taron da ba a san mai su ba.

Mai haɗa feda a Abuja na da rumbun zane a kusa da shi: dagi, aska takwas ta babbar riga, zanen bangon tsofaffin gidajen Zariya da Kano, ƙirar ƙwarya, adon dukawa, da launukan da ake yi wa manyan motocin ɗaukar kaya. Fuskar akwati ƙarama ce, maɓallai kuma sun cinye rabinta, don haka zane ɗaya mai sauƙi ya fi tarkace. Akwai kuma iyakar da ya kamata a sani. Feda abin takawa ce da takalmi, a ƙasa take kwana, don haka aya ko sunan Ubangiji ko wata alama mai tsarki ta kowane addini ba su da wuri a kanta. Ko ajami aka zaɓa don rubuta sunan gari ko na maɓalli, yana da kyau a tuna cewa mutane da yawa na girmama haruffan kansu, a sa su a gefe ko a murfi, nesa da inda ƙafa ke sauka.

Kishiyar hanyar Ladi Kwali ita ce wadda masu takalman Aba suka daɗe suna kuka da ita. Shekara da shekaru waɗansunsu na ɗinka takalmi mai kyau su buga masa sunan Italiya, saboda mai saye ba ya yarda da na gida. Kayan aro ba ya rufe katara: takalmin da ya yi ƙarko Italiya ce ke shan yabo, wanda ya yage kuma a ce ai ɗan Aba ne. Sai da aka yi ta gangami da baje kolin kayan Aba, har a nan Abuja, kafin sunan garin ya fara zama abin bugawa a fili.

Abin da ke hannun ofisoshin Abuja

Bayan asarar suna, aron tambari laifi ne. Dokar Alamomin Haja ta haramta yi wa kaya bayanin ƙarya, ciki har da ƙaryar wurin da aka yi su, kuma Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta 2018 ta hana yaudarar mai saye ta hanyar rubutun da ke jikin kaya. Kwaikwayon tsohon tsarin wayoyi wani abu ne daban, domin kariyar ƙirƙira shekara 20 take yi ta ƙare. Suna da tambari kuwa ana sabunta rajistarsu ba iyaka. Mutum na iya haɗa feda a kan tsarin 1966 ya sa mata sunan da ya ga dama, amma ba shi da ikon rubuta sunan kamfanin da bai yi ta ba.

Kariyar da doka ta ba manyan kamfanoni ita ce ta ba ƙaramin mai sana'a, idan ya nema. Masu sana'a da yawa na ɗauka cewa rajistar sunan kasuwanci a Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC, ta wadatar. Wannan rajista ba ta kare tambarin da ke jikin haja. Ana yin wancan ne a ofishin rajistar tambura da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Kasuwanci da Zuba Jari, inda rajistar farko ke ɗaukar shekara 7, sabuntawa kuma shekara 14. Siffar akwati da zanensa na iya samun kariya a ƙarƙashin dokar ƙirƙira da zane ta 1970, na tsawon shekara 5 da za a iya sabuntawa sau biyu. Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki, SON, ita ke da shirin tantance kayan da aka ƙera a cikin gida.

Ma'aikatan da ke zaune a waɗannan ofisoshi, da hadiman da ke rubuta wa ministoci da 'yan majalisa takardun manufa, sun san Umarnin Shugaban Ƙasa mai lamba 003 na watan Mayun 2017, wanda ya ce a fifita kayan gida a sayayyar gwamnati, da kuma manufar fifita Najeriya da Majalisar Zartaswa ta amince da ita a watan Mayun 2025. Feda ba ta cikin kayan da ma'aikatu ke saye. Amma matsalarta ita ce ta mai haɗa inbata, da mai ƙera injin niƙa a Panteka ta Kaduna, da mai haɗa fitilar sola. Jami'in sayayya ba zai iya fifita kayan gida ba idan kayan ba su faɗi inda aka yi su ba, kuma ba zai iya neman gyara ko canji ba idan babu sunan wanda za a nema. Shirye-shiryen koyar da sana'a kan tsaya a kan yadda za a haɗa abu ya yi aiki. Darasi ɗaya a kan rubutun jikin kaya, da teburi ɗaya da zai yi wa mai sana'a bayanin bambancin rajistar suna da ta tambari cikin harshen da yake ji, ba za su ci kasafi mai yawa ba.

Shi kuwa mai haɗin, abin da ke kansa bai wuce abin da zai shiga murfin ƙasa ba: sunansa ko na shagonsa, garin da aka yi aikin, wata da shekara, lambar waya, da lambar jeri. Sai littafi guda da zai riƙa rubuta kowace lamba a ciki, da irin kayan da ya sa, da wanda ya saya. Ranar da akwati mai lamba 014 ya dawo daga Jos ko Yamai da matsala, littafin zai gaya masa abin da ke cikinsa kafin ya kwance noti ɗaya, kuma makaɗin da ya ji amonsa a wurin biki ya ɗaga ya duba ƙasansa zai san wanda zai kira.